Babi na Bakwai: Ɗanwaken Bakin Kogi

Tun da daddare Inna take jiƙa kanwa. Ta ɗauko ɗan gutsure kamar ƙwallon dabino, ta jefa a kofin shayi, ta cika shi da ruwa, ta ɗora can saman rumfa inda akuya ba ta kaiwa. Da mun hango kofin nan ba sai an faɗa mana ba, gobe akwai ɗanwake. Ƙauyenmu yana gaɓar Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, arewa kaɗan da Makwar, garin da yanzu kowa ke kira Sinnar. A kasuwa da makaranta Larabci muke yi, kanwa ma a can sunanta atrun. Amma a gindin murhu ban taɓa jin Inna ta ce atrun ba. Kanwa kanwa ce, kuka kuka ce, wake wake ne. Yaron da Hausarsa ta fara tsinkewa ma, idan ya zo karɓar kwanonsa, da Hausa yake cewa a ƙara masa yaji.

Kakannin wasunmu sun iso ƙasar nan ne bayan yaƙin Burmi na ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da yin gabas tare da waɗanda suka tsira, har suka sauka a bakin wannan kogi wajen 1906, daura da garin Shehu Talha, suka kafa garin da har gobe ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Wasu kuma, irin su kakan mahaifina, niyyar Hajji ce ta fito da su. A bi ta Barno, a ratsa Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid, guzuri ya ƙare, a tsaya neman na gaba. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Makwar, mai tsawon fiye da kilomita 3, aka saki ruwa cikin filin Jazira don noman auduga. Ita kuwa auduga hannu take ci, daga shuka har tsinka. Mutanenmu suka shiga ƙodago. Yawancinsu ba su samu hawasha ba, wato gonar da hukumar shirin noman Jazira ke raba wa manoma, sai suka kafa bukkoki a gefen magudanan ruwa, wuraren da ake kira kambo, da nufin shekara ɗaya ko biyu su wuce Makka. Tattaɓa-kunnensu na nan a wurin.

Cikin abincin da suka zo da shi, akwai waɗanda suka fita suka yi suna. Agashe, tsiren nan namu, yau babu babban garin Sudan da ba a hura masa wuta da yamma, kuma da yawa daga masu cinsa ba su san sunan Hausa ne ba. Godo-godo ma ya shiga kasuwa. Ɗanwake, a iya abin da na gani, bai fita ba. Ya zauna a cikin gida, a hannun mata, shi ya sa duk abin da ƙasar nan ta ba mu da wanda ta hana mu ana iya ganinsa a cikin ƙullunsa.

A fara da wake. A nan duk sunansu lubiya, kuma mai sayayya ta yi hattara, domin iri uku ne a kasuwa. Akwai lubiya adasi, ja mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ake dafa balila da shi da azumi. Akwai lubiya afin, wanda akasari don dabbobi da gyaran ƙasa ake shuka shi a Jazira. Namu shi ne lubiya hilu, farin wake mai baƙin ido, irin wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa nomawa a duniya, Nijar na biye da ita. Shi kaɗai ke ba da ƙamshin da hanci ya sani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, abin da ya sa mai tsinkar auduga kan ci kwano ɗaya da hantsi ya kai la'asar bai waiwayi gida ba. Ana surfa shi, a shanya, a bakace, sannan a kai tahuna, injin niƙa ke nan.

A Kano, abokin tafiyar wake garin rogo ne, shi ke ba ɗanwake santsi da danƙo. Rogo a nan bafra ake ce masa, kuma baƙar laka ta Jazira, wadda ke dasƙarewa da rani ta tsattsage, ba ƙasarsa ba ce. Kakanninmu sai suka koma ga dawa, musamman fatarita, farar dawar da ake kisra da asida da ita. Dawa ba ta da danƙo ko kaɗan. Ɗanwaken wake da dawa zalla yana da ƙarfi a baki, yana da ɗan gari-gari, kuma in ba a yi dabara ba narkewa yake a tukunya ya koma kunu. Daga baya da noman alkama ya kankama a Jazira, ana shuka ta a Nuwamba a girbe a Maris, sai garinta ya shigo ya ɗauki aikin da rogo yake yi a gida. Ni na alkama na tashi da shi. Inna kuwa har ta tsufa tana cewa na dawa ya fi riƙe ciki, kuma gaskiyarta.

Wahalar tana wajen kuka. Itacen yana da yawa a Kurdufan da Darfur da kudancin Bahar Azrak, sunansa tabaldi, amma a filin Jazira sai a yi tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba. Maƙwabtanmu 'ya'yan suka fi sani, gongolez, wanda ake jiƙawa a sha musamman da azumi. A Kurdufan har ƙwaƙule gangar jikin itacen ake yi a adana ruwan damina. Busasshen ganyen da aka daka aka tankaɗe kuwa, wannan namu ne, a wajen matanmu ake samunsa, ƙulli-ƙulli, a gefen kasuwar Sinnar da Sinja da Wad Madani. Yauƙin da ke cikinsa shi ke ɗaure garin wake da na dawa su zama jiki ɗaya. Idan ta yanke, Inna kan ɗebi weka, garin busasshiyar kuɓewa da babu gidan Sudan da ba shi da ita, ta sa rabin abin da za ta sa na kuka. Yana ɗaurewa, sai dai launin ba ya kaiwa, ƙamshin ma daban.

Kanwa ba ta taɓa yanke mana ba. Tana zuwa daga hamadar arewa maso yamma, inda akwai wani wuri da sunansa ma Atrun, a kan tsohuwar hanyar fatake ta Darbul Arba'in. Aikinta uku: tana tausasa wake ya nuna da wuri, tana tayar da yauƙin kuka, tana kuma riƙe koren ganye kada ya koɗe a wuta. In ta yi yawa kuma ɓarna take, ɗanwake ya yi baƙi, ya yi ɗacin sabulu, ta kashe wani ɓangare na amfanin da ke cikin waken da ganyen. Ruwan sama-sama ake tsiyaya, a bar laka da tsakuwa a gindin kofi.

Ga awon gidanmu, na mutum biyar ko shida. Garin wake kofi 2, garin alkama kofi 1, garin fatarita kofi 1, kuka babban cokali 2, gishiri kaɗan. A tankaɗe su tare. A zuba ruwan kanwa cokali 3 ko 4, sannan ruwa kaɗan-kaɗan ana kwaɓawa da hannu. Babu wadda za ta iya faɗa miki adadin ruwan, domin garin bana daban da na bara, na wannan injin daban da na wancan. Abin da ake nema shi ne kwaɓin da idan kin ɗebo shi da yatsu zai biyo hannu yana ja, ba ya zuba kamar na ƙosai, ba ya kuma tsayawa kamar tuwo. A rufe shi ya huta kamar minti 10, kuka ta sha ruwa.

Ranar da aka fara ba ni jefawa ina 'yar shekara 11. Na yi gaggawa, ruwa bai gama tafasa ba na fara saki, gaba ɗaya suka kwanta a gindin tukunya suka manne. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta sauke tukunyar, ta ɗora wata, ta ce, "'Yar nan, ruwa ake jira, shi ba ya jiran kowa. Sai kin ga yana juyawa da kansa." Da ya tafasa ta kama hannuna, ta tsoma shi a ruwan sanyi, ta nuna mini yadda ake ɗebo ƙullu a tafin yatsu huɗu a riƙa yanko shi da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ana zagaya tukunya don kada su faɗa wa juna. Kowane kamar ƙwayar goruba ƙarama, ko ƙasa da haka. Da farko nutsewa suke. Can sai su taso, kumfa ta biyo su tana neman zuba, a yayyafa ruwan sanyi ta kwanta. Daga tasowarsu a ba su minti 10 zuwa 15. A tsamo ɗaya, a sa a ruwan sanyi, a raba shi biyu. In cikinsa da bayansa launi ɗaya ne, ya nuna. In akwai fari a tsakiya, da saura.

Wannan shi ne ɗanwaken kullum. Amma akwai wani da ba a yin sa sai kogi ya ja baya.

Shekararmu a nan kashi huɗu ce: kharif, damina ke nan, sai darat lokacin kaka, sai shita lokacin sanyi, sai sef, bazara mai zafin da ke korar kowa inuwa. Kogin yakan cika ya yi ja da laka daga tsaunukan Habasha, ya kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarshen Agusta. Daga Oktoba ya fara sauka, ya bar gaɓa lulluɓe da sabuwar ƙasa mai laushi. Wannan gaɓa ita ake kira jarf, jam'inta juruf. Ba ta son taki, ba ta son ban-ruwa sosai. Tamu ta ƙasan madatsa takan fito da wuri, ta sama da ita kuwa sai an fara sakin ruwan da aka tare. Mutanen da ba su samu hawasha ba, a nan da yawansu suka samu abin yi, su da kamun kifi. Wake, kabewa, dankalin Hausa da ake kira bambe, kuɓewa, tumatir, albasa, ajjur mai kama da kokwamba, lalo wanda suke ce wa khudra, ganyen rijla, da jirjir mai ɗan yaji a harshe. Daga Disamba zuwa Fabrairu bakin kogi kore shar, ganye ya yi arha har a ba ka kyauta.

A wannan lokaci Inna kan sa ganyen a cikin ƙullun kansa. Ta fi son ɗanyen ganyen wake, sabon toho, ko alayyahu, ko zogale in an samu. Ta wanke, ta tsoma a tafasasshen ruwa minti 2 kacal, ta juye a ruwan sanyi, sannan ta matse. Matsewar nan ita ce aikin. Takan sa shi a tsumma mai tsabta ta murɗa har sai ya daina ɗiga, domin duk ruwan da ya rage a ganye zai saki ƙullu, ki ƙara gari, ɗanwake ya yi tauri. Cikin hannu biyu na matsattsen ganye ya isa awon da na faɗa. A daka shi a turmi ya yi laushi, a haɗa da garin kafin a sa ruwa. Idan lalo ne ba a tafasa shi, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kuma a rage kuka zuwa cokali 1, don shi ma yauƙi gare shi. Abin da ke fitowa daga tukunya kore ne kamar gaɓar da aka tsinko ganyen, ya fi na kullum taushi, kuma yaron da ba ya cin miyar ganye zai cinye kwano bai sani ba.

Na kabewa ya fi wuya, ya kuma fi daɗi a wurina. Kada a dafa ta a ruwa. A yanka, a turara, ko a binne a toka mai zafi da ɓawonta har ta yi laushi, a kankare naman a murƙushe. Kofi 1 na kabewa, kofi 1 na garin wake, kofi 1 na alkama, kuka cokali 1, kanwa 'yar kaɗan. Sau da yawa ba ya buƙatar ƙarin ruwa sam. Bambe ma haka ake yi masa, sai dai zaƙinsa na son yaji mai ƙarfi.

Wajen ci kuwa mun zama 'yan ƙasa. Man gyaɗa soyayye da albasa yana nan, amma a gidaje da yawa man riɗi ne, na matsar gargajiya da raƙumi ke juyawa, wanda ba a ko soya shi. Yaji shatta ce, wato barkono, da gishiri. Wasu su dama dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, da lemun tsami su kwarara a kai. A yanka tumatir da ajjur da jirjir, wanda ke da hali ya marmasa farin cukun Duwaim. A ɗora a siniya ɗaya, wato babban faranti, da misalin ƙarfe 10 na safe, lokacin fatur, karin kumallo ke nan, kowa ya sa hannu.

Shekarun baya wata jikar Inna da ke karatu a Khartum ta zo hutu, ta miƙa mata waya. "Kaka, duba ki gani, mutanen Italiya ma suna ɗanwake." Inna ta ƙura ido tana kallon wata mata tana murza ƙullu kamar igiya, tana yankawa gutsi-gutsi, tana jefawa a tafasasshen ruwa. Ta ce, "Ikon Allah. To ina kukarsu?" Aka ce mata ƙwai suke sawa. Ta gyaɗa kai, ta ce ai dole a samu abin ɗauri.

Nyoki suke kiransa. Wanda aka fi sani na dankalin Turawa ne da garin alkama, amma abincin ya girmi dankalin a ƙasarsu, domin shi dankalin sai a ƙarni na 16 ya iso Turai daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. Kafin nan da gari da ɓarɓashin burodi suke yi. A birnin Rum ranar Alhamis ce ranarsa. A Ajantina da Yurugwai, inda 'yan ci-ranin Italiya suka kai shi, ranar 29 ga kowane wata ake ci, lokacin da albashi ya ƙare, aljihu ya yi sauƙi. Wannan ya taɓa zuciyata, domin su ma baƙi ne suka ɗauko abincin talaka suka ƙetare da shi. Suna da na kabewa a arewacin ƙasar, suna da na ganye da cuku a yankin Taskani, kuma idan sanyinsu ya wuce, sabon ganye ya fito, sukan sa shi a ciki kamar yadda muke yi in kogi ya sauka. Gargaɗinsu ma irin namu ne: a matse ganye, kada a cika gari.

Bambanci ɗaya ne nake so kowace mai girki ta riƙe, don na ga 'yan mata sun ruɗe a kansa. Nyoki da ya taso ake tsame shi, saboda dankalinsa dafaffe ne tun kafin a kwaɓa. Namu garin ɗanyen wake ne. Tasowarsa ba nunarsa ba ce. Wadda ta tsame ɗanwake da zarar ya taso ta ba iyalinta ɗanyen wake, da ƙarni a baki da kumburin ciki. Ko na kabewa ne, matuƙar akwai garin wake a ciki, a ba shi mintocinsa.

Ina rubuta wannan babi zuciyata ba a kwance take ba game da juruf. Tun 2020 Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta da ke kusa da iyakarmu. Kogin da aka daidaita tafiyarsa ba ya cika irin ta da, ba ya sauka irin ta da, kuma lakar da ke sabunta gaɓa kowace shekara tana kwantawa a bayan madatsa. Masu injin ban-ruwa za su ji daɗin ruwa rani da damina. Mai jarf, wanda jarinsa fartanya ce da ambaliya, shi ne a cikin haɗari. Sannan ga abin da ya fi wannan zafi. Rikicin jihar Bahar Azrak na Yuli da Oktoba 2022 ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya iso Sinja a tsakiyar 2024. Mutanen kambo sun sha wuya ƙwarai. Wata ƙanwar mahaifiyata da ta yi gudun hijira zuwa Gadarif ta gaya mini abin da ta ɗaure a bakin zanenta ranar da suka fita: takardun yara, ɗan kuɗi, da ƙullin kuka da kanwa. Ta ce, "Ɗiyata, gari ko'ina a samu. Waɗannan biyun ne ba kowa zai ba ka ba." A inda suka sauka, da garin agaji da ɗan waken da ta saya ta ciyar da yara tara, tukunya ɗaya, gawayi kaɗan, ba miya, ba nama.

Maganarta ce ta sa na tsaya a kan kuka. Shekara fiye da 100 muna sayen ta daga nesa, alhali duk azumi gidajenmu na zubar da ƙwallayen gongolez a shara. Kowane ɗaya iri ne. Ɓawonsa ne ke da tauri, shi ya sa ake jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, ko a ɗan kankare gefensa, kafin a shuka. A Mali akwai matan da ke shuka kuka a fangali kamar alayyahu, kusa-kusa, suna tsinkar ganyenta cikin 'yan watanni, ba tare da jiran ta zama itace ba. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a bayan rumfa a Mai Wurno, da gefen magudana a kambo, da kan jarf. 'Yan'uwana mata da Allah Ya mayar da ku gida, da waɗanda ke shirin komawa, in an jiƙa gongolez bana ku ware ƙwallaye goma ku shuka a inda ruwan wanke-wanke ke zuba, ku kewaye su da ƙaya saboda awaki.